Shin mutum-mutumi zai koya wa ɗana hulɗa da mutane?

Assalamu alaikum, Malama Likita.

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ki da masu sauraron shirinki, ina rubuto miki ne daga Garwa a kan ɗana mai shekara 6, wanda likitan yara ya tabbatar mana yana da larurar galahanga, wadda ake kira autism da Turanci. Ba ya haɗa ido da kowa, in an kira sunansa ba ya waiwayowa, kuma yakan wuni a gindin darbejiya yana jera murafan kwalba, wanda duk ya taɓa masa ɗaya kuwa ranar sai an sha kuka. Dangi suna cewa iska ne. Addu'a ba mu fasa ba, amma na gamsu da maganar likita.

Ƙanena da ke karatu a Faransa ne ya ba ni labarin mutum-mutumin da ake gwadawa a kan irin waɗannan yara, kamar NAO wanda kamfanin Aldebaran ya ƙera, mai tsayin santimita 58, da Kaspar wanda Jami'ar Hertfordshire ta Ingila ta ƙera tun 2005. Ya ce hikimar ita ce fuskar mutum tana canzawa da sauri har ta rikita yaron, ita kuwa na'ura fuskarta ba ta da ruɗani, tana maimaita abu ɗaya ba gajiya ba tsawa, ta haka yaro ke koyon jiran layinsa a wasa, da kwaikwayon motsi, da duban abin da aka nuna masa. Maganar ta shige ni, domin ɗana ya fi sakewa da wayata a kan 'yan'uwansa.

Kuɗin sayen irin wannan na'ura ya kai miliyoyin sefa, kuma maigidana ya ce a shirye yake ya sayar da filinmu. Nan ne hankalina ya kasa kwanciya. Na'urar da Faransanci ko Turanci take magana, mu kuwa Hausa da Fillanci muke yi a gida, ga ɗaukewar wuta, in ta lalace kuma babu mai gyara a kusa. Abin da ya fi damuna shi ne, shi kansa ƙanen nawa ya ce yawancin gwaje-gwajen a kan yara ƙalilan aka yi su, kuma da ƙwararre a zaune a gefe yana jagorantar zaman. Ni burina yaron nan ya dube ni ya ce "Inna", ya shiga cikin yara su yi wasa, ina kuwa tsoron ya saba da na'ura ya ƙara nisa da mu.

Don Allah, Malama, abin da yaro ya koya wurin mutum-mutumi yana binsa zuwa hulɗarsa da mutane? Ko kuwa ya fi mana mu kashe kuɗin wajen kai shi ga ƙwararren mai koyar da magana, ko da sai mun je Yawunde? Kafin nan kuma, wane irin wasa ni da yayyensa za mu riƙa yi da shi a tsakar gida?

Na gode, Allah ya saka da alheri.

Mahaifiyarsa, daga Garwa, Kamaru.