Kafin Ka Sa Hannu a Takardar Nan

Ɗana ƙaunatacce,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, tare da fatan kana lafiya, kai da iyalinka. Maganar da ka taɓo mini ta fi ƙarfin waya, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ka ce shugabanka na son ka sa hannu a rahoton da aka ƙara wa lissafi, ya kuma nuna maka cewa ƙarin girman da kake jira yana rataye da wannan. Ka ce sau ɗaya ne kawai, kowa ma haka yake yi, kuma ba wanda zai cutu. Na ji. Amsata ita ce kada ka sa.

Ka buɗe 2 Sarakuna sura 5 ka sake karanta labarin Gehazi, baran annabi Elisha, a tsanake. Na'aman, shugaban sojojin Suriya, ya zo neman magani ɗauke da talanti 10 na azurfa, da zinariya 6,000, da riguna 10. Ya yi nutso sau bakwai a Urdun, kuturtarsa ta warke, ya roƙi Elisha ya karɓi kyauta, annabi ya ƙi ko taɓawa. Gehazi yana tsaye yana kallon dukiya tana juyawa gida. Bai yi fashi ba, bai zare wa kowa ido ba. Bin bayan karusa ya yi da gudu, ya shirya 'yar ƙarya mai kama da aikin alheri, wai samari biyu daga cikin annabawa sun sauka, suna bukatar talanti ɗaya da riguna biyu. Na'aman ma da murna ya ninka masa azurfar, ya sa barorinsa suka ɗauko. Idan ka tambayi Gehazi a ranar, shi ma zai ce maka ba wanda ya cutu.

Wurin da ya fi taɓa ni shi ne lokacin da ya ɓoye kayan, ya dawo ya tsaya gaban maigidansa kamar bai je ko'ina ba. Elisha ya tambaye shi ko wannan lokacin karɓar kuɗi ne da tufafi, da gonakin zaitun da na inabi, da tumaki da shanu da barori. Duba da kyau, Gehazi bai karɓo gona ba, bai karɓo saniya ba. Abin da ya riga ya saya a zuciyarsa tun yana hanya annabi ya lissafa masa. Kai ma ka tambayi kanka abin da ka riga ka saya da albashin da bai shigo ba tukuna, domin daga can matsin yake fitowa, shugabanka ƙofa kawai ya buɗe. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Ga kuma Na'aman, sabon mai bi, wanda ya tafi da sanin cewa alherin Allah kyauta ne, Gehazi ya je ya sa masa farashi. A ofishinku an san kai Kirista ne, akwai masu auna Almasihu da kai ko ba su faɗa maka ba.

Kada ka ɗauka ina ƙin ka ci gaba. Ni na biya maka kuɗin makaranta, ai ba don ka zauna a baya na yi ba. Yusufu ya riƙe mulkin Masar yana ɗan shekara 30. Daniyel yana cikin manya uku da aka ɗora bisa hakimai 120, kuma da maƙiyansa suka binciki aikinsa ba su sami ha'inci ko sakaci ba, dole suka koma kan addu'arsa. Irin wannan suna nake so ka nema da dukan ƙarfinka.

Ba kuma zan ruɗe ka cewa duk wanda ya tsaya kan gaskiya yana samun ladansa nan take ba. Masu wa'azin da ke faɗin haka sun tsallake shafuka da yawa. Yusufu kurkuku ya fara shiga saboda ya ƙi matar Fotifar. Yohanna Mai Baftisma bai fito daga nasa kurkukun da rai ba. Eric Liddell, wani Kirista ɗan tsere daga Scotland, ya ƙi gudun mita 100 a wasannin Olamfik na Faris a 1924 don an sa zagayen farko ranar Lahadi, ya ci zinariya a mita 400, duniya ta tafa masa. Amma ƙarshensa ba a cika faɗa ba: ya bar sunan ya koma ƙasar Sin aikin bishara, ya rasu a sansanin tsare mutane a 1945 yana da shekara 43. Don haka mai yiwuwa ne a ba wani kujerar, ka riƙa gaishe shi kowace safiya. Zai yi zafi. Tambayar Yesu a Markus 8:36 tana nan daram, ina ribar mutum in ya sami duniya duka ya rasa ransa? Kai kuwa ba duniya duka aka yi maka tayi ba, mataki ɗaya ne a wurin aiki.

Idan za ka ƙi, ka ƙi da ladabi. Kada ka yi wa mutumin wa'azi, kada ka kunyata shi gaban jama'a. Ka same shi shi kaɗai, ka ce, "Ranka ya daɗe, wannan lissafi bai yi daidai ba, ka ba ni dama in gyara shi in sa hannu." Ka ajiye kwafin lissafin gaskiya a wurinka. Ka kuma gaya wa matarka tun yau, don in abin ya taɓa albashi tare za ku ɗauka, kuma na san ta, za ta tsaya maka.

Idan aikin ya kuɓuce saboda wannan, ka sanar da ni kafin kowa, ba za mu bar ku ku kaɗai ba. Mahaifiyarka tana gaishe ku, tana tambayar yaushe za ku kawo mata jikokinta.

Ni ne mahaifinka.