Zuwa ga Baba, game da ƙirgar da nake yi

Braunschweig, Jamus

Assalamu alaikum Baba,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Inna da ƙannena. Ni ma lafiya ƙalau nake, alhamdu lillahi, sai dai kewarku.

Ranar da muka yi waya ka tambaye ni me nake yi ne takamaimai, tunda an ce maka wuni nake ina ƙirga hotuna a littattafan 'yan firamare. Layi ya yanke ban ba ka amsa ba, abin kuma ya tsaya mini a rai. Kai da ka yi shekaru da alli a hannu, babu wanda ya fi ka cancantar jin bayanin.

Maganar ƙirga gaskiya ce. Ɗakin karatun da nake zama na Cibiyar Georg Eckert ne, wadda nazarin littattafan makaranta shi ne aikinta, tana kuma da littattafan ƙasashe sama da 170. Ina bin littafi shafi-shafi, duk mutumin da ya fito, a rubutu ko a hoto, in buɗe masa layi a jadawali: namiji ne ko mace, yaro ko babba, da sunansa aka kira shi ko cewa aka yi "matar wane", me yake yi, me ke hannunsa, a cikin gida yake ko a waje. Carole Brugeilles da Sylvie Cromer ne suka tsara wannan hanya a jagorar da hukumar UNESCO ta fitar a 2009, an kuma yi amfani da ita a littattafan lissafi na Kamaru, Kwaddebuwa, Togo da Tunisiya. Lissafi fa, Baba, inda mutum zai zaci lambobi ne zalla. Ashe duk tambayar "wane yana da fensir 5" akwai mutum a cikinta. Da aka tattara, mata ba su kai kashi 30 cikin 100 ba. Aikin ma ya daɗe: tun 1972 wasu mata a Princeton ta Amurka suka bi littattafan koyon karatu 134, suka tarar duk labari 5 na yaro namiji, 2 ne na yarinya.

Sai dai na fara gane cewa ƙirgar kawuna kaɗai tana iya rufe wa mutum ido. Jiya na gama wani littafi da adadin maza da mata ya yi kusan kunnen doki, har na fara murna. Da na koma kan layin "me yake yi", murnar ta koma ciki. A wani shafi yaro yana riƙe da ma'aunin zafi yana karanta lamba, yarinyar tana bayansa tana kallo. A shafi na gaba shi ke tambayar malami, ita tana murmushi. A jadawali ɗaya da ɗaya ne, amma yarinyar da ke karanta littafin ta ga wanda aka miƙa wa kayan aiki. Saboda haka yanzu nake rubuta wa ya fara magana a kowace hira, wa ke tambaya, wa ke ba da amsa, kalmomi nawa kowa ya samu. Karen Porreca, a nazarinta na 1984 kan littattafan koyon Turanci 15, har duba wanda ake fara ambata ta yi idan an jero namiji da mace a jimla guda. Da farko na ɗauka wannan ya yi ƙanƙanta. Da na ga yadda yake maimaituwa shafi bayan shafi, na sauya ra'ayi.

Akwai abin da ya same ni wanda nake so ka sani. Ƙa'idar aikin ita ce mutum biyu su cike jadawalin shafuka iri ɗaya, kowa shi kaɗai, sannan a gwada. Akwai ma'aunin da ake kira kappa, wanda Jacob Cohen ya fito da shi a 1960, yana nuna yawan dacewarmu bayan an cire wadda za ta iya zuwa bisa sa'a kawai. Ni da abokiyar aikina muka saɓa a kan hoton wani likita da ya juya baya, sanye da farar riga, kansa a rufe. Ni na rubuta namiji, ita ta rubuta "ba a fayyace ba". Muka sake duba hoton tare, babu wata alama ko ɗaya. Ni ce na kawo namijin daga cikin kaina. Ka ga ma yanzu "wani likita" na rubuta maka. Daren nan na daɗe ban yi barci ba, washegari na koma na sake bin duk shafukan da na riga na gama.

Wannan ya sa na ƙara lura da harshe. A Hausa da wuya ka ɓoye jinsin mutum ɗaya, dole ka ce ya zo ko ta zo, kai ko ke. A Turanci ana iya ambaton likita ko malami jimla ta ƙare ba a san ko wane ne ba. A Faransanci kuwa, taron mata da namiji ɗaya a ciki siffar maza yake ɗauka. Wanda ya kwatanta alƙaluman littattafan harsuna daban-daban bai yi la'akari da wannan ba, ya gina bincikensa a kan rairayi.

Abin da ya fi damuna shi ne jadawalina ba ya shiga aji. Jane Sunderland ta jami'ar Lancaster a Ingila ta ja hankali kan abin da malami ke faɗa a gefen rubutun. Malami na iya karanta shafi mai nuna mace injiniya ya bi shi da dariya, wani kuma ya tsaya a shafin da babu mace ko ɗaya ya tambayi yara ina matan suka shiga. Littafi ɗaya, darasi biyu. Malamar da ke duba aikina ta amince in ƙara babi na hira da malamai, kuma kai na fara tunawa.

Don Allah Baba, idan ka samu sarari, ka ba ni labarin yadda kake yi idan ka zo shafin da ka ga bai yi wa 'yan matan ajinka adalci ba. Tsallakewa kake yi, ko sauya sunayen, ko tsayawa ka yi magana? Ko ma a lokacin ba ka lura ba? Duk yadda amsar take ina son ta, kuma ba zan sa ta a rubutu ba sai da izininka. Idan rubutu zai wahalar da idonka, autarmu ta ɗauki muryarka a waya ta turo mini.

A gaishe mini da Inna da kyau, a ce mata ina kula da kaina. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

'Yarka mai neman albarkarka