Wasiƙa Zuwa Ga Iyaye: Tauraron Kura Da Duniyar Da Ke Kewaya Shi

Assalamu alaikum wa rahmatullah, iyayenmu da masu riƙon ɗalibai.

Da yawa daga cikinku sun aiko suna tambayar abin da ya sa 'yan aji shida suke komawa gida da zancen wata kura da ke sama, har wasunsu suna hawa kan soro bayan isha'i suna nemanta. Dalili shi ne, a wannan zango darasin kimiyya ya tsaya a kan wani tauraro da Larabawan dā suka raɗa wa suna Azzikh, wato namijin kura, Turawa kuma suka ari sunan suka mai da shi Edasich. Yana cikin rukunin taurarin Tinnin ta wajen arewa, kuma haskensa yakan yi tafiyar shekara kusan 100 kafin ya iso idonmu.

Azzikh yana cikin tsofaffin taurarin da masana ke kira jajayen ƙattai, ko da yake wanda ya dube shi da kyau zai ga launinsa ya fi kusa da ruwan goro. Haidurojin, wato iskar da ke ci a tsakiyarsa, ya ƙare, shi ya sa ya kumbura har faɗinsa ya kai kimanin ninki 12 na rana, saman jikinsa kuma ya ɗan huce. Malamin aji ya ajiye ƙwayar dabino kusa da babbar kankana a kan tebur, ya ce dabinon ne rana, kankanar ce Azzikh. Ajin ya yi tsit da aka gaya musu cewa ranarmu ma haka za ta kumbura, sai da suka ji lissafin masana ya kai shekara biliyan 5 nan gaba sannan hankalinsu ya kwanta.

Abin da ya fi ɗaukar mana lokaci shi ne duniyar da ke kewaya wannan tauraro, wadda aka sanar da gano ta a 2002, ita ce kuma ta farko da aka samu tana kewaya ƙaton tauraro irin wannan. Ba ganinta aka yi ba. Masana sun lura ne cewa tauraron yana ɗan rangaji, ya matso ya ja baya a kan ƙa'ida, alamar cewa wani abu mai nauyi yana fisgarsa. Domin yara su gane, malamin ya riƙe hannuwan ƙaramin ɗalibi a filin makaranta suka yi ta juyawa, kowa ya ga shi kansa malamin yana tangaɗi duk da girmansa. A ganinmu wannan ne zuciyar darasin, domin ya nuna musu yadda ake gane abin da ido bai gani ba ta hanyar awo da haƙuri. Nauyin duniyar ya kai aƙalla ninki 8 na Mushtari, wato mafi girma cikin duniyoyin da ke kewaya rana, alhali Mushtari kansa ya ninka duniyarmu nauyi fiye da sau 300. Tana kammala zagaye cikin kwana 511, hanyarta kuma miƙaƙƙiya ce kamar ƙwai, wani lokaci ta kusanci tauraron, wani lokaci ta yi masa nisa ƙwarai.

Daren Alhamis mai zuwa, in Allah ya yarda, motar makaranta za ta kai ɗalibai bayan garin Jidda bayan sallar isha'i, saboda fitilun cikin gari suna dushe ƙananan taurari. Muna roƙon ku sa hannu a takardar izini ku dawo da ita kafin Talata, ku kuma shaida wa yara tun a gida cewa tauraron za su gani, ba duniyar ba. Dattawan da suka san sunayen taurari da Hausa, irin su Zara da Kaza da 'Ya'yanta, akwai wurin zamansu a motar, domin yawancin yaranmu sunayen Larabci kaɗai suka tashi da su.

Wassalam,
Hukumar Makaranta