A riƙa auna jinin yaran garuruwan zinare

Ranka ya daɗe Edita,

Ina roƙon fili in tuna wa hukumomin lafiya na Zamfara abin da ya faru a 2010. Yara sun riƙa amai da jijjiga a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ana ta ba su maganin zazzaɓin cizon sauro, mutuwa kuwa ba ta tsaya ba. Sai da aka auna jininsu aka gane gubar dalma ce daga dutsen zinare da ake niƙawa a cikin gidaje. Yara sama da 400 suka rasu.

Abin da ya fi damuna, dalma ba ta sallama. Yaro yana wasa lafiya lau, ita kuwa tana cin ƙwaƙwalwarsa. Awon jini ne kaɗai ke tona ta, kuma idan ta kai maikirogiram 45 a desilita (ma'aunin yawanta a cikin jini), likitoci kan fara ba da maganin fitar da ita. Manya masu haƙa ma su auna kiriyatinin, wato sinadarin jini da ke nuna lafiyar ƙoda, don dalma na lalata ƙoda a ɓoye.

Har yanzu ana haƙar zinare. A kai na'urar awon dalma a jini asibitocin karkara, a kuma sauƙaƙa kuɗinsa.

Naka,
Wani malamin makaranta, Gusau