Godiya ga garejin Bukoki da ya tayar mini da motata bayan wata huɗu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga maigida da yaransa na garejin da ke Bukoki, kusa da kasuwar Katako a nan Yamai. Na rubuto wannan wasiƙa a bainar jama'a ne don godiyar da na yi muku da baki ranar nan ba ta ishe ni ba, kuma yaba kyauta tukwici.

Motata Mazda RX-7 ce ƙirar 1988, daga Kwatano aka kawo mini ita. Wanda bai san ta ba zai zaci injinta irin na kowace mota ne, alhali babu fistan ko ɗaya a cikinsa. Injin nan, 13B, yana bin fasahar da Bajamushen nan Felix Wankel ya ƙirƙiro: ƙarafa biyu ne masu kusurwa uku-uku ke juyawa a cikin gidajensu, kowanne da buji biyu, ɗaya a ƙasa ɗaya a sama. A bakin kowace kusurwa akwai wani siririn ƙarfe da ke tare iska, in ya cinye inji ya tashi aiki. Nawa suka cinye, aka sauke inji aka sake ɗaure shi da sababbin kaya, aka kuma cire tsohuwar kwamfutar motar aka sa ta Haltech, wadda mutum ke saita ta da kansa. Ran da aka gama aka murɗa makulli, demara ta yi ta juyi, mota ta ƙi tashi. Wani lokaci ta yi tari sau ɗaya, ta harba wuta ta salansa, shi ke nan.

Wata huɗu ina jan ta daga wannan gareji zuwa wancan. Wani ya canza famfon isansi, wani ya ce a sake buɗe inji, na ƙarshe ya ce in haƙura a cire shi a sa na wata mota. Wallahi saura kaɗan in yarda, don kuɗi sun tafi, barci ma ya fara yi mini wuya.

Maigida, abin da ya fara kwantar mini da hankali shi ne ba ka taɓa sifana ba sai da ka zaunar da ni a kan benci ka tambaye ni duk abin da aka yi wa motar, ɗaya bayan ɗaya. Sannan ka sa yaro ya kwance bujin. Har yanzu ina ganinsu a tafin hannunka, baƙi ƙirin, jiƙe sharkaf, warin isansi na tashi. Ka ce, “Alhaji, ta sha mai ta ƙoshi, amma bari mu ga abin da ya hana ta ƙona shi.”

Ka ɗauko ma'aunin ƙarfin iska, ka cire ɗan bawul ɗinsa don allurar ta riƙa tashi tana saukowa. Yaro na murɗa makulli, allura na tsalle sau uku daidai wa daida a gidan gaba, haka ma a na baya. A nan ka gaya mini wanda ya ɗaure injin bai yi kuskure ba, kuma sabon ɗauri dama ƙarfinsa ba ya cika sai ƙarafan sun zauna. Na ji daɗin wannan magana ƙwarai, domin da ka so, da ka ɗora wa mutumin laifi ka ci kuɗin buɗe inji, ba kuwa yadda za a yi in gane.

Sai kuka koma kan wayoyi. Ka haɗa kwamfutarka ta hannu da ta motar, muka ga lambar juyin inji na tsalle, yanzu ɗari biyu, anjima sifiri, anjima ta haura dubu. Ashe wayoyi biyu na na'urar da ke gaya wa kwamfuta inda inji yake a juyinsa an haɗa su a juye. A cikin na'urar akwai faranti mai haƙora 24 da wani mai haƙora 2, kwamfuta na ƙirga su don ta san lokacin ba da wuta. Da aka juya wayoyin sai ta riƙa kunna buji ba a kan lokaci ba. Ita kanta kwamfutar lafiyarta ƙalau. Bayan haka yaronka, wanda bai fi shekara goma sha bakwai ba, ya lura an musanya wayar bujin sama da ta ƙasa a gidan baya. Allah ya yi wa yaron nan albarka, idonsa na kan aiki.

Sauran kuwa a hankali kuka bi shi. Kuka kashe mai, kuka juya inji ba buji har ya amayar da abin da ya tara, kuka ɗiga ɗan man inji a kowane gida don ƙarafan su kama, kuka rage man da kwamfuta ke zubawa lokacin tashi, kuka kawo cikakken batiri saboda irin wannan inji ba ya son a juya shi da sanyin jiki. Kafin a bar ta ta tashi, sai da ka haska fitilar saitin wuta a kan fulli ka ga alamar ta zo daidai.

Ana gab da kiran la'asar ta tashi. Farin hayaƙi ya turnuƙe garejin, mai shayin bakin ƙofa ya bar tukunyarsa ya leƙo, yara na ta kabbara. Ni kuwa na kasa magana, sai hawaye.

Kuɗin da ka karɓa bai kai rabin abin da na kashe a kan famfon da ba shi da laifi ba. Ka kuma rubuta mini a takarda in riƙa duba man inji, tunda injin na ƙona kaɗan da gangan don ya shafe ƙarafan kusurwa, kada in kashe ta tana da sanyi, kada kuma in matsa mata yanzu. Takardar na cikin motar, ina bin ta sau da ƙafa.

Allah ya ƙara buɗi, ya tsare hannuwanku, ya sa yaran nan su gaje ka. In Allah ya yarda zan kawo ta juyen mai da zarar ta cika kilomita 1,000 kamar yadda ka ce.

Naku,
Mai jar Mazda daga unguwar Yantala, Yamai.