A Ba Masu Sana'ar Nuremberg Nasu Fili

Mai girma Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina da roƙo game da shirinku na tarihi da al'adu. Duk sanda aka ambaci birnin Nuremberg na ƙasar Jamus, maganar ba ta wuce tarukan gangamin 'yan Nazi da shari'ar da aka yi wa manyansu daga 1945 zuwa 1946. Wannan tarihi ya wajaba a riƙa faɗinsa. Amma shekaru ɗari huɗu da ɗoriya kafin haka, birnin ya tara masassaƙa, maƙera da masu zane waɗanda har yau Turai ke tinƙaho da su, kuma Bahaushe bai cika jin labarinsu ba.

Abin da ya fi ja mini hankali shi ne yadda mutanen nan suka ƙi yarda aikinsu ya ɗore sunansu ya ɓace. A majami'ar St. Lorenz akwai wata hasumiya ta dutse mai tsayin kusan mita 20, wadda Adam Kraft ya sassaƙa tsakanin 1493 da 1496 don ajiye gurasar ibada. Attajiri Hans Imhoff ne ya biya kuɗin. To, a gindinta sai Kraft ya sassaƙa kansa, ya durƙusa da gwiwa ɗaya, guduma a hannu, nauyin ginin a kafaɗarsa, da mataimakansa biyu a gefe. Duk mai shiga majami'ar sai ya haɗa ido da ma'aikacin. Haka Peter Vischer, wanda shi da 'ya'yansa suka ɗauki shekaru daga 1508 zuwa 1519 suna zuba tagullar kabarin waliyyi Sebald a majami'ar St. Sebald, ya dasa ɗan ƙaramin mutum-mutuminsa a jikin aikin, sanye da warkin fata na maƙera. Ba sai mutum ya zama Kirista ba kafin ya jinjina wa irin wannan hannu.

Albrecht Dürer, ɗan maƙerin zinariya, wanda aka haifa a 1471 ya rasu a 1528, shi ya kai abin ƙololuwa. Yakan buga haruffan sunansa, A da D, a kan zanensa, kuma a 1512 majalisar birnin ta tsawata wa wani baƙo da ke sayar da hotuna da tambarin Dürer na jabu. Dürer ne kuma ya zana karkanda a 1515 ba tare da ya taɓa ganinta ba, da bayani da ɗan zanen da suka iso daga Lisbon kawai ya dogara, amma Turawa suka yi ƙarnuka suna kwaikwayon hoton.

Labarin Veit Stoss kuwa ya isa shiri guda shi kaɗai. A 1503 an kama shi da ƙirƙirar takardar bashi ta ƙarya, aka yi masa lalas a kumatu biyu. Duk da wannan tabo, Anton Tucher, ɗaya daga cikin manyan birnin, ya ba shi aiki, ya sassaƙa Mala'ika Jibrilu da Maryama a itace daga 1517 zuwa 1518, kuma har yau aikin na rataye a St. Lorenz. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, an ɓoye aikin a tsoffin rumbunan giya da ke ƙarƙashin dutsen fadar birnin, shi ya sa ya tsira daga ruwan bama-baman 2 ga Janairun 1945 da ya ragargaza tsohon gari.

Akwai kuma inda labarin ya taɓo mu. A 1521, a birnin Antwerp da ke Beljiyam ta yau, Dürer ya zana wata 'yar Afirka mai suna Katharina, 'yar shekara 20, da ke hidima a gidan wakilin kasuwancin Fotugal, ya rubuta sunanta da shekarunta a kan takardar. Zanen yana birnin Florence na Italiya yanzu.

Roƙona shi ne ku tura wakili Nuremberg, ya shiga gidan Dürer da majami'un nan biyu, ya zanta da masu kula da kayan, a shirya mana kashi biyu ko uku cikin Hausa, a kuma sa hotunan a shafinku domin 'yan makaranta da masu sana'ar hannu su gani da idonsu.

Na gode, a huta lafiya.

Naku mai sauraro a kullum,
daga Zariya