Wasiƙa a Kan Zauren Gidanmu

Zariya, daren Laraba.

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da uwargida da yara, ina roƙon ka yafe mini shirun da na yi tun bayan Babbar Sallah. Na ga saƙonninka duka biyun, na kuma ji wanda ka aiko ta bakin ƙanenka, kana tambaya ko Zagezagi sun manta da rubutu ne. Ba mu manta ba, kuma ko da mun manta, ba Bakanon da ya gudu Ingila yana rawar ɗari ne zai tuna mana ba. Abin da ya ɗaure mini hannu shi ne maganar gidanmu na cikin birni, wadda ta tsaya mini a rai har na rasa ta inda zan soma gaya maka ita.

A ruwan da aka tafka a tsakiyar watan Agusta, indararon gabas ya toshe ba wanda ya lura, ruwa ya kwana uku a kan soro, da gari ya waye sai ga tsaga tun daga gindin zanko har zuwa dakalin da muke zama muna haddar Ishiriniya. Ko mako ba a yi ba Kawu ya tara magada, mu talatin da ɗaya, ya ce wani ya taya gidan da kuɗi masu kauri, zai rushe ya yi shaguna. Kada ka ɗauka mugunta ce, domin akwai marayu a cikinmu, akwai zawarawa, kuma gidan da za a raba wa mutum talatin da ɗaya, namiji kashi biyu mace kashi ɗaya, ba wanda zai samu wurin shimfiɗa tabarma. Da na buɗe baki na ce a yi haƙuri a gyara, sai Kawu ya tuna mini da Masallacin Juma'a, wanda wani sashensa ya rufta a kan masallata ana sallar La'asar a watan Agustan 2023, aka rasa rayuka. Ya ce idan ginin Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya tsaya tun zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, ya gaji, to wane ne maginin kakanmu? Wallahi ban sami amsa ba. Abin da na iya yi kawai shi ne na roƙi a ɗaga maganar zuwa ƙarshen kaka, aka ɗaga mini saboda furfurar da ta fara fito mini.

Da ruwa ya ɗauke sai na ɗauki tsohuwar motar nan tawa, wadda ka ce ko jaki ya fi ta alkawari, na sa Autan Goggo a gaba, muka kama hanya don in gani da idona yadda wasu suke riƙe da nasu tsofaffin gidajen, da kuma abin da yake sa wani ginin ya tsaya wani ya faɗi.

Garinku muka fara sauka, kuma dole in faɗi gaskiya ko da za ka yi shekara kana yi mini gori. Gidan Makama ya ba ni kunya a madadin duk wani Bazazzage. Gini ne da ake danganta shi da Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ana cewa a nan ya zauna kafin ya gina fadar da take fuskantarsa, kuma bayan Turawa sun ci Kano a 1903 sun yi amfani da shi kafin daga baya ya zama gidan tarihi. Auta ya tsaya yana ɗaukar hoton ƙyauren tsofaffin ƙofofin gari da aka jingine, ni kuwa rufin nake kallo, har wuyana ya ƙage. Da azahar muka shiga, rana tana dukan ƙeya, amma da muka tsallaka dokin ƙofa sai ka ce an zuba mana ruwan randa. Daga nan muka wuce Nasarawa, Gidan Ɗan Hausa, inda Baturen nan Hanns Vischer, haifaffen ƙasar Suwizalan da ya ratso Sahara daga Tarabulus zuwa Barno a 1906, ya zauna ya kafa makarantar boko a 1909. Abin da ya tsaya mini a nan shi ne, mutumin da ya zo da boko ya yarda ya kwana a ƙarƙashin azara da tulluwa, mu kuwa jikokin waɗanda suka ƙi bokon muna ganin ginin ƙasa alamar talauci ce.

Amma duk wannan ba shi ne ya sa na zauna rubuta maka wasiƙa ba. Waɗannan gidaje ne na hukuma, akwai masu kula da su, gidanmu kuwa ba shi da kowa sai mu. Abin da nake nema na same shi ne ta hanyar da ban tsara ba, domin bayan mun wuce Kazaure, kafin mu kai Daura, ƙafar baya ta yi faci, safayar kuma ashe Auta ya ba wani aro tun watan jiya bai gaya mini ba. Muna jiran mai faci a wani ƙaramin gari sai na hango wani dattijo a kan tsani yana yi wa wani babban zaure yaɓe, yara biyu suna cilla masa curin ƙasa yana cafewa da hannu ɗaya ba ya ko waiwaye. Na yi sallama, ya sauko, ashe daga gidan Sarkin Magina na garin ya fito, kuma zauren nan kakansa ne ya gina shi, shi ma jikansa ne yake cilla masa ƙasar.

Mun yi kusan awa uku tare, mai facin ya gama har ya gaji da jira. Ya kai ni inda suka kwaɓa ƙasar, jar ƙasa ce da aka tattake da ciyawa da kashin dabbobi aka bar ta kwanaki tana ruɓa, ya ce wadda aka kwaɓa yau aka yaɓa yau ba ta kai damina biyu. Ya ɗauko tubali ɗaya ya ɗora mini a tafin hannu, mai faɗin gindi da tsinin kai, wanda da hannu ake mulmula shi a shanya a rana, a jera shi kansa na kallon sama, katangar ta yi kauri a ƙasa tana sirancewa yayin da take hawa. Sa'an nan ya shigar da ni ciki ya nuna mini abin da na shekara hamsin ina kwana a ƙarƙashinsa ban taɓa tambaya ba. Azara, wadda ake tsagowa daga itacen giginya, gara ba ta cin ta, amma ba ta iya ɗaukar nauyin rufi idan tazarar ta wuce kamar taku biyu. Wannan ne ya sa magina suke kafa ta hawa-hawa daga cikin bango, kowace ta ɗan zarce ta ƙarƙashinta, a ɗaure su da igiya a lulluɓe da ƙasa, har su haɗu a tsakiya su zama bakan gizo, idan kuma bakunan suka gitta juna a ce ɗaurin guga. Ashe abin da muke ɗauka ado ne, shi ne ƙashin bayan ɗakin.

Na nuna masa hoton tsagar zaurenmu a waya. Ya daɗe yana kallo, ya sa na faɗaɗa masa, sai ya tambaye ni wane ne ya shafe bangon da siminti. Na ce marigayi Baba ne, shekarar da ya dawo daga Makka, kuma ka tuna yadda unguwa ta yi ta zuwa kallo. Dattijon ya girgiza kai ya bayyana mini cewa siminti da ƙasa ba sa zama lafiya, domin ruwa yana samun 'yar kafa ya shiga bayan simintin ya rasa hanyar fita, ƙasar ta yi ta jiƙa a ɓoye alhali fuskar tana nan sumul, har ranar da za ta ɓalle gaba ɗaya. Abin da ya dace da ita shi ne makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, a riƙa sabunta ta bayan 'yan shekaru, ko kuwa laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara. Ya ce laso ya yi wuya yanzu, saboda marinar da ake kwaso katsin ta mutu a yawancin garuruwa, wato mutuwar sana'ar rini ta ja ta gini. A ganinsa, idan azarar ba ta ruɓe ba, a ɓamɓare simintin, a cike tsagar, a sake indararo, zauren zai binne ni ya binne 'ya'yana. Na fita daga wurin ban san ko murna zan yi ba ko kuka, tunda gatan da Baba ya yi wa gidan shi ne yake neman kashe shi.

A Daura ba mu daɗe ba, mun sha ruwan Kusugu, Auta ya leƙa yana neman macijiya, muka tsallaka iyaka ta Kwangwalam muka bi ta Matamai zuwa Damagaram. Nan ma ina da saƙo gare ka, domin na ga garin mutanen da suka hana Kanawa barci a zamanin Sarki Alu, kuma sun ce in gaishe ka. Unguwar Birni ta cancanci tafiyar, ga lunguna suna zagaye manyan duwatsu, ga fadar Sarkin Damagaram, ga sauran ganuwar zamanin Sarki Tanimu wanda har igwa aka ƙera masa a garin. Faransawa sun ci garin a 1899, ya kuma zama hedikwatar mulkinsu a Nijar daga 1911 har zuwa 1926 da aka mayar da ita Yamai, ina kuma zaton wannan komawar ta taimaki tsofaffin gidajen, domin inda kuɗi ba su yi ambaliya ba, ba a cika gaggawar rushewa ba. Fuskokin gidajen cike suke da zane, wasu an shafa musu launi, wasu an bar su da jar ƙasarsu. Wani maigida da ya gan mu tsaye muna kallo ya shigar da mu zaurensa ya sa aka kawo mana fura, ya lissafa mana mutum biyar da suka riƙe gidan kafin shi, da sana'ar kowannensu, ba tare da ya yi tuntuɓe ba. Da ya juyo ya tambaye ni wanda ya gina namu, sai na kama kame-kame.

Wannan kunyar ce ta sa da muka dawo, ko wanka ban yi ba na wuce ɗakin Goggo na kunna wayata na ajiye a gabanta. Da farko ta ce ita ba 'yar rediyo ba ce, amma da ta fara sai da aka kira Isha. Ashe kakan Baba ne ya gina zauren da ribar fataucin goro daga Gwanja, kuma girmansa ba don alfahari ba ne, fatake ne suke sauka a ciki, jakunansu a ɗaure inda yanzu Kawu yake ajiye babur. Baƙin da yake jikin bangon kudu, wanda ni da kai muka sha cewa hayaƙin girki ne, na wutar ƙiskali ne ta almajiran da suka yi karatun dare a wurin shekara da shekaru, ramin nan kuwa da muke ɓoye gyaɗa a ciki alkuki ne na ajiye fitilar aci-bal-bal. Ta ce a zauren aka ɗaura auren iyayenmu duka, daga cikinsa kuma aka fitar da gawar kowannensu.

Af, kafin in manta, Monitanmu ya rushe na mahaifinsa bara, ya ɗora bene da tayil da rufin kwano mai sheƙi, ya kira mu walima muka ci muka yi addu'a. Da bazarar nan na bi ta wajen da dare na tarar da shi kwance a kan tabarma a ƙofar gida yana fifita da kwali, wai ba wuta, ciki kuwa ya zama tanda. Na yi masa jaje, ya ce in wuce kafin ya tashi.

Yanzu ga inda nake. Na je Unguwar Babban Gwani na samo magini, ya hau soron ya caccaki azarar da wuƙa, ya ce guda huɗu ne kawai suka sha ruwa. Niyyata ita ce in roƙi magada a sayar da filin baya da ɗakunan da suka zube a raba kuɗin, a bar zaure da shigifa, ni in sa rabona a kansu, idan sauran sun yarda a mayar da su waƙafi yara su ci gaba da karatun allo a ciki. Yaya Babba ta goyi bayana, Kawu bai ce e ba bai ce a'a ba, mai sayen kuwa ya ce shi bakin titi yake so, wato daidai inda zauren yake. Saura mako biyar a sake zama, kuma kullum da asuba sai na je na sa yatsa a cikin tsagar in ji ko ta ƙara buɗewa.

Akwai wata shawara da na zauna da niyyar tambayarka, ga shi har na kai nan ta kwanta mini, sai ta dawo. Amma ka duba mini cikin akwatunanka, hotunan da ka ɗauka ranar ɗaurin aurena, akwai wanda aka yi a cikin zauren, Baba yana zaune a ƙarƙashin bakan gizo na tsakiya, zanen da yake saman ƙofar shigifa ya fito sosai kafin a shafe shi da fenti. Maginin ya ce idan ya ga hoton zai iya mayar da zanen yadda yake, ni kuma ina so in ajiye shi a gaban Kawu ranar zaman. Ka turo shi ko da ya dushe.

Ka gaishe da uwargida da yara, Goggo tana gaishe ka, ta ce har yanzu ba ta ga turaren da ka yi mata alkawari ba.

Wassalam,
naka amini.